Fam Arba'in a Rairayin Damagaram

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. In na je suna a Darmanawa a tambaye ni, in na fita cefane kasuwar Tarauni a tare ni, har matar da ke sayar mini da gawayi sai da ta ce in ba ta labarin ƙasar Faransa, alhali Damagaram na je. Kowa so yake ya ji yadda tsohuwa irina ta bi motar 'yan tseren babur har ta ƙetare iyaka. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na maimaita akwai wurin da nake tsallakewa. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Rifkatu, mutuniyar Kagoro da ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye aiki, na ce ta zo da biro da takarda. Ni ban yi boko ba. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sa mini tausayi inda ban sa ba.

Sai na fara daga gida, in ba haka ba ba za a gane abin da ya kai ni ba. Mijina marigayi Malam Garba mai faci ne, a bakin titin Zariya a Gyadi-Gyadi, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Da idonsa ya fara rauni, cikin gida ake shigo mini da tib, in nutsa shi a bahon ruwa in nemo hujin, in goge, in shafa gam, in manna. Shekaru na yi ina wannan aikin ba wanda ya sani sai mutanen gidanmu. Da babban yatsana nake sanin iskar taya kafin a ɗora geji, geji kuwa shi ne ɗan ƙarfen nan mai allura da ake auna iska da shi. Ƙa'idar Malam ɗaya ce ga babur: tayar gaba fam talatin, ta baya fam arba'in. Ya ce taya mai laushi tana shan mai, tana cin tib, tana kuma kashe mutum. Na ƙarshen nan mun gan shi a gidanmu. Babban ɗana Lawan ya ɗauko buhu biyu a babur da taya mai laushi, ta fice daga wili a kan kwalta wajen Na'ibawa, mota na biye da shi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Wanda ya rage mini namiji shi ne Sabi'u. Shekarar da sojoji suka koma bariki, babura suka cika Kano. 'Yan siyasa na rabawa, 'yan kasuwa na shigowa da su, duk saurayin da ka sani ya zama ɗan acaɓa. Sabi'u yana acaɓa da safe, da yamma ya zauna a wurin facin ubansa. Ran Lahadi kuma su taru a wani fili bayan Hotoro suna tsere, ana cewa wai babu mai kamo shi. Ni ban taɓa zuwa ba. Abin da na gani shi ne wani babur mai dogayen ƙafafu da ya yi kusan shekara biyu yana harhaɗawa a zaure daga gawar babura uku. Da ya gama ya sayo masa tayoyi a Sabon Gari, masu ƙuraje kamar bayan kada, ta gaba lamba ashirin da ɗaya, ta baya sha takwas. Ranar da ya ɗaura su ya shigo ya durƙusa ya ce mini za a yi tsere a kan rairayi a bayan garin Damagaram, kuma yana so ya je.

Na ce ba zai je ba. Tun yana yaro in na ce a'a, "to" yake cewa ya tashi. Wannan karon bai ce to ba, bai kuma tashi ba. Ya zauna a durƙushe har ƙafarsa ta yi sanyi, sannan ya ce, "Inna, sau ɗaya." Kwana uku muna haka. A na huɗu na ce ya je, amma ƙafata ƙafarsa. Matarsa Hassana tana da ciki wata bakwai. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa roƙona komai ba, amma da safen tafiyar ta biyo ni har soro ta riƙe bakin mayafina ta ce, "Inna, ki dawo mini da shi da ƙafafunsa." Na ce mata na ɗauka.

Motar a-kori-kura muka samu, ta wani Malam Iro da ke kai kaya Nijar yana dawowa da wake. Aka ɗaure babur a baya da igiya, Sabi'u ya zauna kusa da shi, ni aka sa ni gaba. A jakata akwai dambun nama, da goro, da carbi, da gejin marigayi da famfonsa na hannu, na naɗe su cikin tsohon zane. Kafin in shiga na zagaya motar ina danna tayoyinta. Ta baya ta hagu ta yi laushi. Na ce ba zan hau ba sai an ƙara mata iska. Malam Iro ya ce shekara goma sha yana bin hanyar nan ba a taɓa yi masa haka ba, na ce to yau an yi. Ya je aka ƙara. Bayan Kazaure muka tarar da wata mota irin tasa a gefen hanya, tayarta ta tarwatse, kaya a warwatse cikin gona. Malam Iro ya rage gudu ya duba, ya dube ni, daga nan har muka rabu "Injiniya" yake kirana. Na faɗi wannan ne don a san da irin zuciyar da na isa can. Na isa ina ganin babu wanda zai koya mini taya.

Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu. Motar ba ta da gilashi a ɓangarena, kujerar kuma ƙarfe ya fito yana sukata a kwankwaso. Malam Iro mutum ne mai surutu. Daga Kano zuwa Daura ya naɗa gwamnoni ya sauke, ya ce farar hula za su kawo wuta da ruwa, ya ce kuma ba za su kawo komai ba, duk a baki ɗaya. Sau biyu injin ya tafasa muka tsaya aka ba shi ruwan butata. A Daura muka tsaya, na sayi fura, kafin in kai baki motar ta faɗa rami rabin ta zube a cinyata. Haka na ƙetare iyakar ƙasa da ɗanko a jikin zane.

A Kongolam ne iyakar. Ni na zaci zan ga katanga ko ƙofa, sai na ga igiya an ɗaura a jikin ganga biyu, akuya tana wucewa ta ƙarƙashi ba wanda ya tambaye ta takarda. A ɓangarenmu babur ɗin ne ya tsayar da mu. Lambar da ke jikin injin daban, ta jikin ƙarfen daban, takarda kuma ta babur na uku ce. Sabi'u ya yi ta bayani, jami'in ya yi ta juya takarda, daga ƙarshe ya ce shi dai bai taɓa ganin babur mai uba uku ba, ya buga hatimi. Muka matsa ɓangaren Nijar muka tarar an rufe tagar ofis. Wai sun tafi hutun rana, sai bayan azahar da kyau za su dawo. A wurinsu doka ce, ofis da kanti da gidan mai duk a rufe a je a kwanta. Mu a Kano wanda ya rufe kanti da tsakar rana sai a je gidansa a tambayi lafiya. Muka zauna a inuwar mota kusan awa uku, inuwar tana gudu muna bin ta.

Da jandarman da ke aiki a tagar ya dawo, yaro ne dogo mai ladabi. Hausa yake yi, amma tana da wani lanƙwasa a ƙarshe, kuma "uwa" ya kira ni. Ya tambayi shekaruna na ce ban ƙirga ba, ya dube ni ya rubuta abin da ya ga dama. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na nuna masa Sabi'u na ce shi na rako. Ya yi dariya ya ce mutum mai gemu ake rakowa? Ban yi dariya ba, shi ma ya daina.

Daga nan hanya ta tsuke. Muka wuce Matamai, muka wuce Takeita, rairayi yana cin bakin kwalta daga hagu da dama. Ba ni da abin faɗa a kan wannan yankin, barci nake yi ina farkawa, kwankwasona yana ciwo. Rana ta yi ƙasa sosai muka shiga Damagaram.

A gidan goggon Malam Iro muka sauka, Hajiya Zali, a cikin tsohon gari. Mace ce mai jiki da fara'a, ta karɓe ni kamar tare muka tashi. Gaisuwarsu doguwa ce, sai an tambayi gajiya da zafi da mutanen gida da dabbobi, a dawo a sake daga farko. Abin da ya fi ba ni mamaki ruwa ne. Mu ma muna kukan ruwa a Tarauni, amma ban san kuka ba sai da na je can. Ɗan kwano aka ba ni na wanka, wanda ni a gida alwala nake yi da shi, kuma aka sa baho a ƙarƙashina don a tari abin da ya zuba a ba wa bishiya. Zanen da fura ta ɓata kuwa sai Kano ya ga sabulu. Abincinsu tuwon hatsi ne da miyar kuka, da wani kwaɗon zogale da suke kira kopto, wannan kam ya yi mini daɗi. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, da ƙyar sauran haƙorana suka iya da shi sai da na jiƙa. Shayi kuma a ɗan kofin gilashi kamar na magani, sau uku ake zagayowa, in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Na sha duka ukun, zuciyata ta yi ta bugawa.

Washegari da la'asar aka kai babur filin don gwaji, na bi su. A nan na ga Isufu. Makanike ne, siririn mutum mai furfura a gemu, rigar aikinsa shuɗiya ta koɗe. Aka ce ya yi shekaru yana bin Turawan da ke tsere cikin hamada yana gyara musu babura, kuma duk wanda ya zo tseren nan sai ya kawo masa nasa ya duba. Sabi'u ya hau ya zagaya sau ɗaya, babur ɗin yana rawa a ƙarƙashinsa, tayar baya tana tona rami tana watsa ƙasa. Da ya dawo Isufu ya matso. Ya tsuguna, ya ciro ƙusa daga aljihu ya danna bawul. Iska ta fara fita. Na jira ya saki, bai saki ba. Ta yi ta fita. Ya koma ta gaba ya yi mata haka. Na matsa na danna tayar da yatsa, ta lotsa kamar cikin jariri. Na ciro gejin Malam na ɗora a gaban kowa, allura ta tsaya a sha huɗu.

Na tambaye shi ko kashe mini ɗa yake so ya yi. Bai ji haushi ba. Ya ce iskar da muka zo da ita ta kwalta ce, ta ɗaukar fasinja biyu da buhu. Rairayi kuwa yana son taya ta baje a kansa kamar tafin raƙumi, in ta yi tauri sai ta yanka ta nutse. Ya ce zafin rana ma zai ƙara kumbura ta. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da ke ɗaure a jikin wili, wai shi zai riƙe tayar kada ta fice daga wili. Sannan ya shiga ba da labarin manyan masu tsere na ƙasashen Turai, wai tayarsu ta baya ta fi tafin hannu biyu faɗi, ba ta da zane ko ɗaya, sumul kamar bayan ƙwarya, wai har bargo mai zafi ake lulluɓa mata kafin a fara, kuma akwai mutumin da ba shi da wani aiki sai auna iska, in ta ƙaru ko ta ragu da ɗan kaɗan sai a fasa. Samarin suka buɗe baki suna ji. Ni da na ji an zo wurin lulluɓa wa taya bargo sai na ce a raina wannan mutumin maƙaryaci ne. Aka kira magariba, ba a sake gwadawa ba, aka tura babur gida.

Muna cin tuwo na tambayi Hajiya Zali wane ne Isufun nan. Ta yabe shi, ta ce mutumin kirki ne, ai ɗan ƙaninsa ma yana cikin masu tseren gobe, shi ake sa ran zai ci. Ita ta faɗa ne don yabo. Ni kuwa na ajiye lomar da ke hannuna. Baƙo ya zo daga Kano ana cewa babu mai kamo shi, sai baffan abokin karawarsa ya sace masa iskar taya, ya rufe da labarin bargo. Haka na haɗa abin, kuma ya haɗu mini tsaf. Ban gaya wa Sabi'u ba, don na ga yadda yake kallon mutumin.

Da gari ya waye maza suka tafi rubuta suna da karɓo lamba, suka bar babur a tsakar gida. Na kwance zanen na ciro famfon. Rabona da buga famfo tun Malam na da rai. Na taka ƙafarsa, na kama hannun da hannu biyu, na fara. Tayar gaba ba ta wahalar da ni sosai ba. Ta baya kuwa sai da na huta sau huɗu, gumi yana shiga idona, bayana kamar zai rabe. Hajiya Zali ta fito ta ce, Yaya, me kike yi haka da sassafe, ki bari maza su dawo mana. Na ce mata aikin gidanmu ne. Na ɗora geji: gaba talatin, baya arba'in. Na danna da yatsa, dutse. Na mayar da murfin bawul, na goge hannuna, na naɗe kayana. Tun da muka bar Kano ban ji hankalina ya kwanta ba sai a lokacin.

Filin ya cika da mutane kafin hantsi. Masu sayar da ruwa, masu raƙuma, mata da laima, jandarmomi suna kora yara bayan igiya. Babura sun fi ashirin a jere. Saboda tsufana aka bar ni na tsaya gaba, tsakanina da Sabi'u bai fi taku goma ba. Isufu yana can ƙarshen layi a ƙarƙashin wani babur da ya ƙi tashi. Na ga Sabi'u ya tsuguna ya danna tayar baya da babban yatsa, yadda ubansa ke yi, yadda ni ma nake yi. Ya daɗe a tsugune. Ya danna ta gaba. Sannan ya ɗago kai ya dube ni. Ina tsaye, hannuwana a baya, ina kallonsa kamar yadda na saba. Na gyaɗa masa kai. Ya miƙe ya sa hular kwano.

Farkon hanyar ƙasa ce mai tauri, a nan ya fita kamar an harba shi, mutum biyu ne kawai a gabansa. Na ce a raina, ga shi nan. Daga nan hanyar ta gangara cikin rairayi mai laushi ta yi kwana. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, babura suna shawagi a kai. Da Sabi'u ya karya kan babur, tayar gaba ta shige cikin rairayin kamar wuƙa ta tsaya cak. Bayan babur ɗin ya tashi sama. Na ga ɗana a iska, na ga ya sauka, na ga babur ɗin ya sauka a kansa. Mutane suka ruga. Malam Iro ya zo ya kama hannuna muka bi su.

Asibiti a can "likita" suke ce masa. Cinyar dama ta karye wuri biyu. Suka yi masa aiki, suka rataye ƙafar da igiya da wani nauyi a ƙarshenta. Ba zan ce ba su kula da shi ba. Ni a baranda nake kwana a kan tabarma tare da sauran masu jinya, Hajiya Zali tana aiko mana da fura da tuwo. Rana ta biyu Isufu ya zo. Ya shiga ya duba Sabi'u, ya fito ya tsuguna a gefen tabarmata, ya gaishe ni gaisuwarsu mai tsawo har ƙarshe. Sannan ya rage murya ya ce, "Uwa, na auna tayar nan. Wa ya taɓa ta?" Na dube shi. Ya dubi tafin hannuna, inda famfon ya tayar mini da ƙuraje biyu. Ya daɗe yana kallo. Da Malam Iro ya ƙaraso yana tambayar me ya jawo faɗuwar, Isufu ya ce rairayi ne, kowa yana faɗuwa a kwanar nan. Ya tashi ya tafi. Ɗan ƙanin nasa ma ashe bai ci ba, na biyar ya zo. Mutumin da na kira maƙaryaci ƙarya ɗaya na ji ya yi, ita ma don ya rufa mini asiri.

Mun yi sati uku kafin su yarda a ɗauke shi. Malam Iro ya je Kano ya dawo sau biyu a tsakani, shi ya kai wa Hassana labari. Ranar komawa aka shimfiɗa katifa a bayan motar, aka kwantar da Sabi'u, ƙafar cikin filasta tun daga ƙugu, babur ɗin a ɗaure a gefensa da wilin gaba a lanƙwashe. Aka buɗe mini gaba na ce a baya zan zauna. Duk ramin da motar ta faɗa ina ganinsa a fuskarsa, bai yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Muka iso iyaka, muka sake tarar da taga a rufe. Malam Iro ya tafi neman ruwa. Na kafa mayafina a jikin ƙarfen motar don ya yi masa inuwa, na zauna ina kora masa ƙuda. Sati uku ina juya maganar a bakina. Na ce, "Sabi'u, iskar tayar nan ni na ƙara."

Bai buɗe ido ba. Ya ce, "Na sani, Inna."

Na ce Isufu ne ya gaya masa?

"Ba wanda ya gaya mini. Da na danna na ji. Arba'in ce, iskar Baba. Duk Damagaram ba mai bugawa haka sai ke."

"To ƙusa ce babu a filin? Minti ɗaya ya ishe ka ka sauke ta."

Ya buɗe ido ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kina tsaye kina kallona."

Na ci gaba da kora masa ƙuda. Shekara talatin da biyu ina kallon yaron nan, yana cin abinci ina kallo, yana alwala ina kallo, yana ɗaura taya ina leƙowa daga soro. Ina alfahari a unguwa cewa bai taɓa warware abin da na ƙulla a gabana ba. To bai warware ba. Aka buɗe taga, jandarman nan mai ladabi ya leƙo bayan motar, ya gane ni, ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga ƙafar, ya buga hatimi ya ce Allah ya sawwaƙe.

Bayan la'asar muka shigo Tarauni. Hassana tana tsaye a soro, a daidai inda ta riƙe mini mayafi, cikin ya sauko. Maza huɗu suka ɗauko shi a kan katifar suka wuce ta gabanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tuna mini abin da na ɗauka ba. Ta durƙusa da ƙyar ta ce mini sannu da hanya, ta kawo mini ruwa. Bayan sati biyar ta haifi mace.

Yanzu Sabi'u yana tafiya da sanda, ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta. Acaɓa ta ƙare, tsere ya ƙare. Yana zaune a ƙarƙashin darbejiyar ubansa a Gyadi-Gyadi yana faci, kuma aiki yana zuwa, don baburan garin nan ba sa ƙarewa. Na ba shi gejin da famfon. Wani lokaci in na dawo daga kasuwa nakan bi ta wurin, in na hango ya tsuguna zai auna taya sai in juya fuskata wajen titi har in wuce.

Wannan shi ne labarin Damagaram, har da wurin da nake tsallakewa. Duk unguwa an san rairayi ne ya kayar da shi, ita ma Hassana haka ta sani, don mijinta bai taɓa faɗa mata ba. Malama Rifkatu ta ajiye biro ta tambaye ni ko na tabbata a bar wannan ɓangaren a ciki. Na ce a bar shi. Amma kafin kowa ya gani, ta ɗauki takardar ta shiga ɗakin Hassana ta karanta mata tun daga farko. Ni ina nan tsakar gida a kan tabarma, zan riƙe jaririyar har su gama.